Daga Hubal Zuwa Tsumburbura: Addinin Larabawa da Sabi'awa Kafin Musulunci

Shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku. Malamaina da ke sahun gaba, Allah ya gafarta muku. Iyaye mata, ɗalibai, da 'yan'uwa da suka taso tun daga Ikara da Paki da Hunƙuyi da Likoro suka iske mu a nan Maƙarfi, sannunku da zuwa.

Ranar da takardar gayyatar nan ta iso ni, wani abokina ya karanta taken laccar ya ce da ni, mene ne amfanin tono mutanen da suka shuɗe sama da shekara 1,400 a kawo wa manoman rake da tumatir? Na ce masa ya buɗe Suratul Hajji, aya ta 17. A nan Allah ya jera jama'a shida, muminai da Yahudawa da Sabi'awa da Nasara da Majusawa da masu shirka, ya ce shi ne zai yi hukunci tsakaninsu ranar ƙiyama. A duk Alƙur'ani nan kaɗai aka ambaci Majusawa. Kalmar nan kuwa, a ra'ayin mafi yawan masana tarihi, ita ce ta ƙetaro hamada ta shiga bakinmu ta zama "Maguzawa". Ke nan mutanen da aka ce in yi magana a kansu da maƙwabtanmu na ƙauyukan Ikara da Kudan suna zaune cikin aya guda. Zan fara da Makka, amma gida zan dawo.

Abu na farko da nake so ɗalibai su cire daga ransu shi ne zaton cewa Larabawan jahiliyya ba su san Allah ba. Sun san shi sarai. Mahaifin Manzon Allah sunansa Abdullahi, kuma tun kafin a fara wahayi ya rasu. Alƙur'ani da kansa ya shaida cewa in aka tambaye su wanda ya halicci sammai da ƙasa, Allah za su ce, kuma in igiyar ruwa ta taso musu a teku, Allah kaɗai suke kira. Matsalarsu ita ce suna ganin Allah ya yi nisa. Sun ɗauke shi kamar sarki a cikin fada: talaka ba ya faɗa wa zaure kai tsaye, sai ya nemi bafade ya yi masa iso. Gumaka su ne fadawan. Abin da suka kasa gani shi ne sarki yana bukatar bafade ne don bai san abin da ke cikin zuciyar talaka ba, Allah kuwa ya sani tun bawa bai buɗe baki ba.

Ta ina abin ya shigo? Akwai wani malamin Kufa, Hisham ɗan Kalbi, wanda ya rasu wajen shekarar 204 ta Hijira, ya rubuta ɗan littafi mai suna Kitabul Asnam, wato littafin gumaka. Ya bayyana cewa zuriyar Annabi Isma'ila da suka yi yawa Makka ta yi musu kaɗan, duk wanda zai bar gari sai ya ɗauki dutse daga Harami saboda begen Ka'aba, inda ya sauka ya ajiye shi ya riƙa kewaya shi. Jikoki suka tashi suka tarar da dutse, dalilin ɗauko shi kuwa ya bi kakanni kabari. Sai kuma Amru ɗan Luhayyi, shugaban ƙabilar Khuza'a, wanda littattafan sira suka ce ya je Sham ya ga ana roƙon gumaka ruwa da nasara, ya roƙi ɗaya aka ba shi, ya kawo Hubal ya kafa a Makka. Haka su Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru da aka ambata a Suratu Nuhu: Ibn Abbas ya ce sunayen mutanen kirki ne, da suka mutu aka kafa musu alamu don tunawa. Ku lura da kyau, babu wanda ya tashi da safe ya ce yau zan yi wa Allah kishiya. Ta ƙofar ƙauna abin ya shigo, ƙaunar gari da ƙaunar magabata.

Kowace ƙabila da nata. Lata tana Ɗa'ifa a hannun Saƙifawa, farin dutse ne aka gina masa ɗaki. Manata tana Ƙudaidu, kusa da gaɓar teku tsakanin Makka da Madina, Ausu da Khazraju ba sa aske kansu bayan hajji sai a wajenta. Uzza, wadda Ƙuraishawa suka fi girmamawa, tana kwarin Nakhla, kuma ku ji wannan: bishiyoyi uku ne na ƙaya, ana cewa aljana tana zaune a cikinsu. Duk wanda ya tashi a karkararmu, aka hana shi zama gindin tsamiya da tsakar rana, ya san irin wannan tsoro. Ranar da aka buɗe Makka a shekara ta 8 ta Hijira, wato 630, gumaka 360 aka tarar kewaye da Ka'aba. Khalid ɗan Walid aka aika ya sare Uzza. Mugira ɗan Shu'uba, shi da kansa Basaƙife ne, ya rushe Lata matan garinsu suna kuka.

Talaka wanda ba shi da halin sassaƙa fa? Wani tsoho, Abu Raja'il Uɗaridi, ya ba da labarin ƙuruciyarsa, yana cikin Bukhari. Dutse suke bauta wa, in sun ga wanda ya fi shi kyau su jefar da na farko. In babu dutse sai su tara ƙasa, su kawo akuya su tatsa a kai, su kewaya. Na daɗe ina tunanin tsohon nan. Abin da nake gani a labarinsa shi ne mutum a tsakiyar hamada, ba ruwa, ba magani, maƙiyi na iya faɗo masa cikin dare, yana neman abin da zai riƙe da hannunsa.

Wannan neman ne ya haifar da duba. A wajen Hubal akwai kibau marasa gashi da ake kira azlam. Mai niyyar tafiya ko aure ko mai shakkar nasabar ɗa zai biya mai tsaron gunki a zaro masa ɗaya: ko ta ce yi, ko ta ce bari, ko ta fito babu rubutu a sake. Da su aka yi ƙuri'a tsakanin Abdullahi da raƙuma lokacin da Abdul Muɗɗalibi ya yi bakancen yanka ɗaya daga cikin 'ya'yansa, aka yi ta ƙara goma goma har raƙumi 100. Malamaina da suka karanta Shu'ara a zaurukan Zariya sun san Imru'ul Ƙaisi. An ruwaito cewa ya je wajen gunki Zul Khalasa a Tabala yana neman izinin ɗaukar fansar mahaifinsa, sau uku kibiyar hani tana fitowa, sai ya karya kibau ya watsa wa gunkin a fuska, ya ce da uban gunkin aka kashe da bai hana shi ba. Mai zuwa duba ya riga ya san amsar da yake so. Haka yake a Tabala wancan zamani, haka yake a gaban mai bugun ƙasa yau.

Manoma da makiyaya da ke cikin zauren nan, akwai abin da ya shafe ku. Suratul An'ami ta ba da labarin yadda suke raba amfanin gona da dabbobi kashi biyu, na Allah da na gumaka. In wani abu ya zuba daga kason Allah ya faɗa na gunki sai a bar shi, in daga na gunki ya faɗa na Allah sai a yi maza a mayar. Malaman tafsiri sun ce hujjarsu ita ce Allah mawadaci ne. Gaskiyar magana, gunkin suka fi tsoro, don shi suke jin yana kusa. Suna kuma sakin dabbobi da sunan gunki, ba a hawa, ba a tatsa, ba a kora daga kiwo: bahira da sa'iba da wasila da hami. Watanni huɗu masu alfarma sun san su, Zulƙida da Zulhajji da Muharram da Rajab, amma in yaƙi ya yi musu daɗi sai su ɗage alfarmar Muharram zuwa Safar. Wasu suna ɗawafi tsirara in ba su sami tufar Baƙuraishe ba. Wasu ƙabilu suna binne 'ya'ya mata da rai, don tsoron talauci ko abin kunya.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce dare ne babu ko tauraro. Akwai Yahudawa a Yasriba da Khaibara, akwai Nasara a Najran, waɗanda sarkin Yaman Zu Nuwas ya ƙona wajen shekarar 523. Akwai hunafa'u irin su Waraƙa ɗan Naufal da Zaidu ɗan Amru ɗan Nufailu, wanda ya ƙi cin yankan gumaka, yana karɓar 'yan matan da za a binne ya raine su. Akwai kyautar Hatimuɗ Ɗa'i. Akwai Hilful Fuduli, alkawarin taimakon wanda aka zalunta, wanda Manzon Allah ya halarta yana matashi, ya kuma yabe shi bayan annabci. Ku riƙe wannan, za mu bukace shi in mun iso gida.

To, Sabi'awa. Kada a haɗa su da mutanen Saba'i na Yaman, jama'ar Bilƙisu. Sunaye ne biyu daban, da haruffa daban a Larabci. Sau uku Alƙur'ani ya ambaci Sabi'awa: Baƙara aya ta 62, Ma'ida aya ta 69, da ayar Hajji da na fara da ita. Malaman tafsiri na farko sun yi saɓani a kansu sosai. A bakin Ƙuraishawa, sabi'i shi ne wanda ya bar addinin iyayensa, kuma da wannan suna suke kiran Manzon Allah da sahabbansa don tsangwama. Bayan haka jama'a biyu ne tarihi ya sani da sunan.

Na farko mutanen Harran, wani tsohon gari da ke kudancin Turkiyya a yau, kusa da iyakar Siriya. Tun dubban shekaru akwai ɗakin bautar wata a can, suna kiran watan Sin. Suna girmama rana da wata da taurari biyar masu tafiya, kowanne da ranarsa a mako da irin yankansa. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya fayyace tunanin Sabi'awa a littafinsa Al-Milal wan Nihal: Mahalicci ɗaya ne, amma ya fi ƙarfin ɗan Adam ya kai gare shi, sai ta hanyar ruhohi tsarkaka, taurari kuwa su ne gidajen ruhohin. Kun ji bafade ya sake dawowa, wannan karon da rigar ilimin falaki. Ibn Nadim ya kawo labari a Fihrist cewa wajen shekarar 830 Halifa Ma'amun ya bi ta yankinsu kan hanyarsa ta yaƙin Rumawa, ya tambaye su ko su Yahudawa ne, ko Nasara, ko Majusawa. Suka rasa amsa. Ya ba su wa'adi zuwa dawowarsa, su shiga Musulunci ko wani addini da Alƙur'ani ya ambata. Wani masanin fiƙihu ya ba su shawara su ce su Sabi'awa ne. Ma'amun ya rasu a 833, sunan kuma ya zauna musu. Wasu masana tarihi suna shakkar labarin, amma ba a shakkar abin da ya biyo baya: a inuwar sunan nan suka rayu ƙarni da ƙarni. Daga cikinsu aka sami Sabit ɗan Ƙurra, ɗan canjin kuɗi da ya zama babban masanin lissafi a Bagadaza, ya fassara littattafan Yunanawa, ya rasu a 901. Battani, masanin taurari da ya rasu a 929, Musulmi ne amma daga tsatsonsu ya fito. Abu Is'haƙ Assabi, magatakardan fadar Bagadaza, ya mutu a 994 a kan addininsa, Sharif Radi, jikan Manzon Allah, ya yi masa waƙar ta'aziyya.

Na biyu suna nan da rai. Su ne Manda'iyawa na kudancin Iraƙi da yankin Ahwaz na Iran, maƙwabtansu suna ce musu Subba. Annabi Yahaya ɗan Zakariyya shi ne babban annabinsu, littafinsu Ginza Rabba, ibadarsu wanka cikin ruwa mai gudu sanye da fararen kaya, musamman ranar Lahadi. Maƙeran azurfa ne da masassaƙan jiragen ruwa. Ana yawan jingina musu bautar taurari saboda sunan da suke tarayya da mutanen Harran, alhali a littattafansu taurarin nan bakwai ba abin kirki ba ne. Bayan yaƙin 2003 kisa da garkuwa sun kore mafi yawansu daga Iraƙi, yau suna warwatse a Suwidin da Ostireliya da Amurka, suna neman kogin da za su yi wanka. Jama'ar da ta zauna cikin Musulmi sama da shekara 1,000 a zamaninmu ta watse, kuma wannan abin baƙin ciki ne.

Mu dawo gida. Majusawa na asali Farisawa ne masu girmama wuta. Manzon Allah ya karɓi jiziya daga Majusawan Hajar, Abdurrahman ɗan Aufu ne ya shaida wa Halifa Umar haka, daga nan sunan ya zama rumfa ga jama'o'in da ba su da littafi amma ana zaune da su bisa amana. Larabawan Andalus har Turawan arewa da suka kai wa Ishbiliya hari ta teku a 844 sun kira Majusawa. Saboda haka da malamai suka kira Hausawan da ba su yi salla ba da wannan suna, matsayi suka ba su a shari'a: su biya jiziya, a tsare jininsu da gonarsu. Na san ana cewa Bamaguje daga "gudun salla" ne, wannan fassarar kasuwa ce. Shi ya sa ko bayan jihadin 1804, da faɗuwar Zazzau a hannun Malam Musa a 1808, Maguzawa suka ci gaba da zama a ƙasar Kano da Katsina da arewacin Zazzau suna noma.

Me suka yi imani da shi? Wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya fitar da littafinsa a 1946. Abin da ya tarar shi ne sun yarda Allah ne sama da kowa, amma yanka da roƙo na iskoki ne, su Kure da Inna uwar gona da Gajimari, kowanne da irin dabbar da yake so da launinta. Ni ma ina yaro na ji tsohon Bamaguje yana cewa "in Allah ya yarda" a kan kowace magana, alhali a gidansa akwai inda ake zuba jinin jan zakara. Ban gane ba sai da na karanta labarin Ƙuraishawa. Tarihin sarakunan Kano ya ba mu Barbushe a kan dutsen Dala, da Tsumburbura, bishiya da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi, ana kawo baƙin bunsuru da baƙar kaza da baƙin kare. Ku ajiye wannan kusa da Uzza ta Nakhla. Ba na cewa wani ya koya daga wani. Tsoro iri ɗaya ne ya haifi amsa iri ɗaya.

Wanda ya fi tayar mini da hankali a tarihin nan shi ne Dirki. Bayan Musulunci ya daɗe da kafuwa a Kano, sarakuna suna da wani ƙunshi da aka naɗe da fatu, ana yanka masa shanu don tsaron gari. Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, ya ƙi ba da shanu 40 da aka nema, ya sa aka fasa ƙunshin da gatura. Alƙur'ani aka tarar a ciki. Littafin da ya zo ya rushe Hubal, shi aka naɗe aka mayar abin yi wa yanka. Irin waɗannan ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kira masu gauraya a Nurul Albabi, kuma da su ya fi yin faɗa, ba da Bamagujen ƙauye ba. Yau wanda yake sahun farko a masallaci, in zaɓe ya ƙarato ko kishiya ta shigo ko rake ya yi kwantai, ya bi dare zuwa gidan boka da baƙar kaza a buhu, shi ne magajin masu Dirki. Ba shi da bakin da zai kira wani Bamaguje don zagi.

Ko taurarin ma suna nan tare da mu. Tsofaffin malamanmu suna lissafa damina da Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha, kowanne kwana 13 ko kusa da haka. Waɗannan su ne masaukan wata da Larabawa suke ƙirga ruwa da su tun jahiliyya. A Hudaibiyya, bayan ruwa ya sauka da dare, Manzon Allah ya raba mutane biyu da asuba: wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah, da wanda ya jingina shi ga tauraro. Malamai suka yi bayani cewa sanin lokaci da tauraro babu laifi, jingina masa iko ne abin hani. Manomin Kudan da ya ce Ɗarfa ta kama, a yi hanzarin maimai, ilimi yake amfani da shi, kuma ina roƙon matasa kada su bari wannan lissafi ya mutu da sunan tsarkake aƙida.

Maguzawan yankinmu mafi yawansu sun bar tsafi. Wasu sun musulunta, wasu sun shiga Kiristanci, har Cocin Angalikan tana da dayosis a Ikara. Hausawa ne, kakanninsu da namu ɗaya ne, kuma duk wanda ya yi hulɗar bashi ko ta gayya da tsofaffinsu ya san riƙon alkawarinsu. Manzon Allah bai ji nauyin yabon Hilful Fuduli ba.

Hisham ɗan Kalbi Musulmi ne, ya zauna ya rubuta sunan kowane gunki da garinsa da masu tsaronsa, ba don a koma musu ba. Ba don irinsa ba, da ayoyi da yawa na Suratun Najmi da An'ami sun yi mana duhu. Ikara da Maƙarfi da Kudan ba su da nasu ɗan Kalbi, tsofaffin da suka ga abin da idonsu kuwa kullum raguwa suke yi. Ɗalibai, kowannenku yana da waya a aljihu. Hutun nan ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku nemi izini, ku naɗi muryarsu. Ku tambaye su wace kuka ce ba a sara, wace rijiya ce ba a ɗiba da dare, me ake yanka wa gona kafin shuka, wace dabba ce gidansu ba ya ci, wa ya fara yin salla a gidan kuma a wace shekara. Ku rubuta sunan ƙauyen da ranar da kuka yi hirar, ku kai wa malaman tarihi na makarantunku su adana.